Bushiya Mai Rabon Ƙaya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta!

Wai Bushiya ce ta raina kanta, tana ganin ba mai ƙaunarta sai ta ba shi wani abu. Sai ta kama rabon ƙayar jikinta. Zabuwa ta karɓa ta yi allura, Biri ya karɓar wa matarsa tsinken kitso, har rabin bayan Bushiya ya koma fili.

Ran nan Dila ya yi sallama, ya tarar da ita da 'ya'yanta.

"Yaya Bushiya, a taimaka min da tsinken sakace. Duk ragowar nake so."

"Duka? Malam Dila, wane irin nama ka ci haka?"

"Ai ban ci ba tukuna," in ji shi, yana kallon yaran yana haɗiyar yawu. "Sai kin gama cirewa."

Bushiya ta janyo yaranta ƙarƙashin cikinta, ta dunƙule. "Yau kam ba na bayarwa."

"Au, rowa kika koya? Duk gari sai ya ji!"

"Je ka faɗa. Ni da yarana muna son abinmu."

Dila ya kai hanci, ya samu guda ɗaya kyauta, ya bar gidan da ihu.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan ta tsaya.