Sarkin Noma da Shekarun Duniya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe.

A wani gari an yi wani Sarkin Noma mai suna Jatau. Shi ke riƙe da rumbun irin garin. Kowace kaka, kowane gida sai ya kawo masa zangarniyar da ta fi kyau, ta gero da ta dawa, ya adana har damina ta zagayo.

Wata shekara bazara ta yi tsawo, abinci ya yi ƙaranci. Gizo ya leƙa tukunyarsa, wayam. Ya dubi rumbun iri, sai yawunsa ya tsinke. Sai ya tafi wurin Kura, suka ƙulla abin da suka ƙulla.

Ranar kasuwa sai Gizo ya hau kan turmi ya ce, "Jama'a, duniya ta tsufa! Ba ku ga rijiyoyi sun ƙafe ba? Tun ranar da aka haife ta aka yanka mata kwanakinta, kuma bana suka ƙare. Wa zai yi shuka a duniyar da za ta mutu? A buɗe rumbu mu ci!"

Sai Kura ta taso daga can gefe ta ce, "Ƙarya kake, Gizo! Duniya ba a haife ta ba, balle ta mutu. Haka take, ba farko ba ƙarshe. Hatsi ma kullum yana nan, ko an shuka ko ba a shuka ba. A buɗe rumbu mu ci!"

Sai gari ya rabu biyu, wasu na bayan Gizo, wasu na bayan Kura. Gardama har da nuna yatsa. Amma a kan rumbu bakinsu ɗaya.

Jatau ya ce, "Ku yi mini haƙuri in je in tambayo waɗanda suka girme mu. Abin da suka faɗa, shi za a yi."

Suka ce sun yarda. Sai ya ɗauki sandarsa ya shiga daji.

Yana tafiya, yana tafiya, sai ya iske Kunkuru a bakin tafki. Ya durƙusa ya ce, "Sannu da hutawa, Baba. Shin duniya tana da ranar haihuwa, ko haka take ba farko?"

Kunkuru ya ce, "Ɗana, ni dai na fasa ƙwai na tarar da ita. Ga tafki an cika mini, ga ciyawa an shuka mini, ban roƙi kowa ba. Je ka tambayi Kuka, a inuwarta na koyi tafiya."

Sai ya je wurin Kuka, ya gaishe ta, ya yi mata tambayar.

Kuka ta ce, "Ni ma na tsiro na tarar da ita. Ƙasa ta riƙe ni, ruwa ya shayar da ni, ban san ya aka yi ba. Je ka tambayi Dutse. Sanda na buɗe ido, yana nan yadda yake."

Sai ya je wurin Dutse, ya gaishe shi, ya yi masa tambayar.

Sai Dutse ya ce, "Sa hannu a gindina. Me ka ɗebo?"

Jatau ya ce, "Yashi, Kaka."

Dutse ya ce, "Jikina ne ka ɗebo. Kowace damina ruwa sai ya gutsure ni kaɗan. Da ba ni da farko, da tuni na ƙare, da yashi kawai za ka tarar a nan. Tunda ka same ni a tsaye, akwai ranar da aka fara ni. Haka 'yan'uwana duwatsu, kuma a ganina haka ita ma duniyar."

"To shekarunta nawa?"

"Ban halarci sunanta ba. Ni ma tarar da ita na yi. Wannan sai Wanda ya yi ta."

"To bana za ta mutu?"

Sai Dutse ya yi dariya har tsakuwa ta gangaro. Ya ce, "Ɗaga kanka." Jatau ya ɗaga kai yana neman ƙarshen Dutse, har hularsa ta faɗi. Dutse ya ce, "Ranar ƙarshe ba a gaya mini ba, ba a kuma gaya wa Gizo ba. Amma ka ga abin da ya rage wa ruwa ya ci. Je ka yi shukarka."

Jatau ya yi godiya, ya juyo gida da murna.

Ashe yana ba da baya Gizo ya zuga mutane suka fasa rumbun. Aka daka, aka dafa, aka cinye tas. Da Jatau ya iso, ya tarar da Gizo da Kura kwance a inuwa ɗaya, ciki ya yi musu nauyi, ba gardama ba komai.

Bai gama kallonsu ba sai hadari ya taso. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta yi ƙamshi. Mutane suka fito da sungumi a kafaɗa, suka tsaya cirko-cirko, ba ƙwayar da za a jefa a rami. Wata tsohuwa ta kama hannunsa ta ce, "Sarkin Noma, mun cinye abincin jikokinmu."

Jatau bai zagi kowa ba. Sai ya koma gindin Dutse, ya zauna yana kuka.

Sai wata murya 'yar siririya ta ce, "Wa ke jiƙa mana ƙofar gida?"

Ya duba, sai ga uwar tururuwa ta leƙo daga rami. Ya ba ta labari duka.

Ta ce, "Ba kai ne Jatau ba, wanda in ya gama sussuka ba ya share masussukarsa tas? Hatsin da ke ɗakunanmu a gonarka muka tarar da shi. Kakanninmu ma a gonar kakanka suka tarar. Shimfiɗa rigarka."

Sai tururuwa suka jeru, kowace da ƙwaya a baki, gero, dawa, gero, dawa, har riga ta cika ta yi tozo.

Jatau ya ce, "Inna, da me zan saka muku?"

Ta ce, "Ka shuka."

Ya kawo irin gari, aka raba gida-gida, kowa tafin hannu guda. Aka shuka da hawaye, Allah ya sa albarka, gonaki suka yi kyau har zangarniya na sunkuyawa. Gizo kunya ta kore shi saman rufin ɗaki, Kura ta faɗa daji.

Da kaka ta yi, garin duka ya ɗunguma zuwa gindin Dutse, maza da mata, kowa da ƙwaryarsa ta sabon hatsi. Suka zuba a bakin ramin tururuwa, suka ce, "Mun gode." Suka ɗaga hannu sama suka gode wa Mai duniya.

To yara, kun ji. Duk wanda ya zo duniya tarar da ita ya yi, an riga an ajiye masa abin da zai ci. Bai ga farkonta ba, ba a gaya masa ƙarshenta ba. Abin da ke kansa shi ne ya gode, ya kuma bar wa na baya iri.

Kurunkus! A tashi a ba tsofaffi wuri.