Sawun Igiya a Gonar Alhaji Hamisu

Akwai wani saurayi mai suna Rilwanu a wani ƙauye kusa da Cadawa. Tun yana lakol, wato makarantar boko, ba shi da buri sai na zama ɗan sanda. Kaki kawai yake hange, kamar kakin ne ke yin aikin.

Wata shekara ana dab da kaka, babansa ya ba shi kiwon bijiman noma. Gogan naku ya bar su a bakin gona ya tafi kallon ƙwallo. Bijiman suka faɗa gonar Alhaji Hamisu, suka yi wa geron kaca-kaca.

Maƙwabcin gonar shi ne Dogo. Kakanninsa makiyaya ne, amma shi manomi ne kamar kowa, saniya ɗaya gare shi. Sai dai kun san halinmu, da an yi ɓarna idon kowa yana kan mai jinin Fulani.

Da aka kai ƙara gaban maigari, Rilwanu ya miƙe, ko gezau.

"Wallahi da idona na ga saniyar Dogo cikin gonar."

Dogo ya ce, "Rilwanu, ɗana, dube ni ka sake faɗi."

Ya dube shi, ya sake faɗi.

Kafin maigari ya buɗe baki, samari sun rufe Dogo da duka. Aka ba Alhaji saniyar a matsayin diyya. Dogo ya kwanta da ciwon ƙirji, bai ga damina ta gaba ba. Ya bar matarsa Hassana da yara ƙanana. Har yanzu in na tuna wannan wurin raina ɓaci yake yi.

Shekaru suka shuɗe, Rilwanu ya je Maradi ya yi jarrabawar shiga aikin 'yan sanda. Ya ci rubutu, ya ci gudu, likita ya ce lafiyarsa ƙalau. Abu ɗaya ya rage, wato binciken hali, inda ake turo jami'i garinku ya tambayi mutane ko kai wane ne.

Babansa ya bi gida gida yana roƙo. Da jami'in ya zo, kowa ya ce yaron kirki ne. Yana shirin hawa babur sai aka ce Alhaji Hamisu, wanda ciwo ya kwantar, yana son ganinsa.

Alhaji ya ce, "Zauna, ɗan samari. Washegarin ɓarnar nan na zagaya gonata. Na ga sawun manyan kofato, ga kuma sawun igiya tana jan ƙasa. Igiyar hanci ce, ta bijiman noma. Saniyar Dogo ba a taɓa huda mata hanci ba. Na gani na yi shiru, don saniyar ta shiga raina. Ni tawa ta ƙare, sai abin da Allah ya yi da ni. Amma kar ku ba yaron ga bindiga."

Jami'in ya sa aka kira Rilwanu, ya tambaye shi. Rilwanu ya ce:

"Ranka ya daɗe, lokacin yaro nike, tsoron dukan baba ne ya sa."

"An ce mutumin ya roƙe ka ka sake faɗi. Ka sake?"

Rilwanu ya sunkuyar da kai.

Jami'in ya ce, "A aikin ga, kalmar bakinka ita ke ɗaure mutum. Kai kuwa tun ba ka sa kaki ba taka ta kai mutum kabari."

Rilwanu ya ruga gidan Hassana. Ya tarar da ita tana surfen geron wasu, da shi take ciyar da marayunta. Ya durƙusa yana kuka.

"Inna, ki taimake ni. Ki ce musu kin yafe, ko za su ɗauke ni."

Ba ta ajiye taɓarya ba. Ta ce, "Shekarun nan duk kana wuce ƙofata, sai yau ka gane hanya? Ba ni ka yi wa rantsuwa ba. Dogo yana bayan gari, je ka roƙe shi."

Ranar da motar waɗanda aka ɗauka ta tashi zuwa Yamai, Rilwanu yana gona yana bin bayan bijimai, igiyar hanci a hannunsa.

Darasi: Ƙaryar da ka yi don ka tsira yau, wani ne zai biya ta, kuma za ta jira ka a ƙofar abin da ka fi so. Wanda zai riƙe amanar jama'a, gaskiyarsa ake fara dubawa kafin ƙarfinsa. Ku tura wa matasanmu masu son kaki, su karanta tun da sauran lokaci.