Ranar da Madugu Ya Ɗauke Rawaninsa

Hansatu ƙanwata, ke da ba kya cin tuwo sai da labari, ga wani. Saurara daga inda kike.

A zamanin da, a wata ƙasa, akwai al'adar ajiye rawani. In alƙali ya tabbatar wa mutum laifi, wani babba sai ya tuɓe rawaninsa ya ajiye a fada, mai laifi ya koma gida har Sarki ya sake duba shari'ar bayan kaka.

To, akwai wani masaƙi, Jatau, da 'yarsa ƙarama Tasalla. Maikano, baran Madugu, ya yaudare ta da rake, aka tsinci gawarta a kududdufi. Shaidu suka tsaya, alƙali ya yanke hukunci. Madugu ya ajiye rawani.

Kullum Maikano sai ya bi ta gaban masaƙa ya ce, "Sannu da aiki." Jatau ya ce, "Yauwa." Hannu na jefa ƙoshiyar saƙa, mai hannun ba ya nan.

Ran da ya kai wa Waziri saƙi, Waziri ya ga aikin ya karkace, ya tambayi dalili. Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya kashe 'yata yana gaishe ni. Kuma da sauran yara a unguwar."

Waziri ya tafi da shi gaban Sarki, aka kira Madugu. Madugu ya ce, "Allah ya ja zamaninka, al'ada ce tun kakanni. Na yarda da Maikano kamar ɗan cikina."

Waziri ya ce, "Madalla. To ya zauna cikin gidanka har kaka, ya riƙa raka autarka rafi."

Jatau na kallo, Madugu ya miƙa hannu ya ɗauki rawaninsa.

Sarki ya ce, "Daga yau, wanda aka tabbatar ya cuci yaro, ba rawanin da zai fitar da shi. In yana ganin an zalunce shi, ni zan saurare shi nan da nan, amma daga kurkuku." Dogarai suka kamo Maikano. Yara suka koma wasa a bakin masaƙa.

A labari ke nan, Hansatu. Jiya na ga naki Maikanon, wanda ya kashe ki, a tasha yana cin gyaɗa. Wai an ba da belinsa. Ya ɗaga mini hannu. Inna ta tambayi abin da ya hana ni cin tuwo, na ce ciwon ciki ne. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.