Dubu Biyu da Uku Ba Ta Rabuwa

Ku matso ku yi shiru, wannan ba labarin dariya ba ne.

A shekarar da fari ya cinye garin Tungar Maje, 'yan'uwa uku, Jatau da Nomau da Korau, suka kwashi mutanensu da tsohuwarsu Iya Dela, suka nufi ƙasar wani sarki mai rumbuna cike da gero.

Jatau, babbansu, shi ya san hanya. Ya ratsa da su jejin da ko tsuntsu ba ya sauka, ya durƙusa gaban sarki yana magiya. Sarkin nan mugu ne mai murmushi. Ya sa dogarai suka ƙirga su a bakin ƙofa, aka samu dubu biyu da uku. Ya ce su jeru sahu-sahu, kowane sahu daidai da ɗan'uwansa, ban da sahu guda, ban da ɗai-ɗai, sai ya buɗe rumbu. Wanda ya yi saura kuwa ya koma jeji. Jatau ya amsa da rantsuwa, ko lissafi bai tsaya yi ba.

Nomau shi ne mai kan lissafi. Ya zauna da tsakuwa ya gwada biyu-biyu, ya gwada uku-uku, ya gwada bakwai-bakwai, kullum da saura. Da ya wuce arba'in da huɗu ya zubar da tsakuwar, don ya san in da babbar lamba mai raba ta, da ƙaramar abokiyarta ta riga ta bayyana. Ya miƙe ya ce, "Jama'a, wannan lamba ba ta rabuwa. Amma da mun ragu da mutum guda, sahu goma sha huɗu za mu yi cif."

Wallahi abin da ya biyo baya ina jin kunyar faɗinsa. Yara na kukan yunwa, manya suka koma satar kallon tsofaffi da majinyata, kowa na jiran wani ya mutu. Har Iya Dela aka fara kallo.

Korau, autansu, bai iya magana gaban sarki ba, bai iya lissafi ba. Ya ga inda idanu suka nufa. Ya durƙusa ya ce, "Iya, ki yafe mini." Ya ajiye goran ruwansa a gabanta, ya juya ya nufi jeji. Ba wanda ya kira shi.

Aka jeru, aka buɗe rumbu, aka ci. Korau kuwa ko gawarsa ba a gani ba. Iya Dela ta ƙi sa ƙwayar geron nan a bakinta, ta daina yi wa sauran biyun magana har ta bar duniya.

Ba don Jatau ba, da ba su iso ba. Ba don Nomau ba, da sun ƙare suna jeruwa a banza. Ba don Korau ba, da rumbu na nan a rufe.

To, ku da kuka ji, wane ne a cikinsu ya ceci mutanen Tungar Maje, kuma ran Korau a wuyan wa yake?