Muryar Inna Asabe

Ku saurara ku raba mini gardama, don ni abin ya fi ƙarfina.

A Funtuwa akwai wani tsohon malamin makaranta, Malam Ɗayyabu, wanda ciwon ido ya makantar. Matarsa Asabe ce take karanta masa komai. Da ciwo ya kwantar da ita, 'ya'yansu uku suka naɗi muryarta har wata biyu, suka haɗa manhajar da za ta riƙa karanta masa rubutu da wannan murya. Bayan sun gama da kaɗan ta rasu.

Sagiru, babbansu, shi ya harhaɗa manhajar ya sa wa Malam a kwamfutarsa a shirye, sai dannawa kawai. Ya ce makaho bai da lokacin wahala, kuma ya yi gaskiya. Shekara shida Malam yana jin matarsa kowace safiya. Sai dai manhajar da aka harhaɗa kamar dafaffen tuwo ce, ba a mayar da ita gari. A wannan kwamfuta kaɗai take aiki, kuma Sagiru bai ajiye kwafi ba.

Nafi'u kuwa, na tsakiyarsu, ya dage a ajiye tushen manhajar, wato rubutun da ake gina ta daga gare shi, don ko kwamfuta ta mutu a sake ginawa. Ya ajiye, har wuri uku. Amma muryar da aka naɗa ta yi girma, ba ta shiga tushen ba, sai ya bar ta a wata ma'ajiya ta intanet, ya rubuta adireshin a cikin tushen. Gwanin namu bai taɓa gwada ginawa ba ko sau ɗaya. Ma'ajiyar ta rufe tuntuni, bai sani ba.

Rakiya, autarsu, ita ke jinyar uban. Ta ga kwamfutar tana zafi tana mutuwa a tsakiyar karatu, Malam yana zama jugum. Tausayi ya kama ta, ta kai tsohuwar kwamfutar shago aka musanya mata da sabuwa, tunda Nafi'u ya sha cewa tushe na nan. Mai shagon ya goge tsohuwar tas a ranar.

Kwana huɗu suna ginin manhajar daga tushen, yana rushewa. A na biyar manhajar ta tashi, ta yi magana da muryar wani ƙato baƙo, wanda ko sunan Malam bai iya faɗa ba. Rakiya ta fashe da kuka. Ni kaina da na ji, sai da zuciyata ta karye.

Yanzu haka suna tsaye a zaure, an rasa mai ɗaga labule. Malam yana ciki yana tambaya, “Rakiya, innarku ba ta gama shiri ba ne?”

To, wane ne a cikin ukun nan ya kamata ya shiga ya faɗa masa?