Mai Tsinka wa Kura Kunu

Ga ta nan tafe gare ku!

Ta iso mu ji ta!

Kullum Kura ta dama kunu mai kauri ta ɗanɗana, sai ta dawo ta tarar ya tsinke tsululu. Ran nan ta ritsa maƙwabciyarta Bushiya.

"Ke ce ke sha mini kunu kina ƙara ruwa! Yau da ke zan karya."

Amma Bushiya ta sha ganin Kura tana lasar ludayi tana mayarwa cikin kunun.

"Yaya, dama ƙwarya biyu. Ki lashi ludayi ki mayar a ɗaya, ɗayar kar ki taɓa."

Kura ta yi haka, ta zauna gadi tana hararar Bushiya. Jim kaɗan kunun da ta mayar wa ludayi ya tsinke, ɗayan yana nan da kaurinsa.

"Tsafi kika yi!"

"Yawunki ne, Yaya. Akwai ɗan ma'aikaci a ciki mai yanyanka kaurin kunu. Ɗigo kaɗan ya ishi ƙwarya, don aikin ba ya cinye shi."

"Au, a bakina ɓarawon yake kwana?"

Ta ƙyale Bushiya. Shi ya sa har yau Kura ke yawo tana dalalar da yawu, wai korar shi take yi.

Ƙurunƙus kan ɗan ƙadangare!