Azumi Ɗaya da Ba Mu Rama Tare Ba

Kawu, sanyi ya dawo. Yau da safe a tashar Saint-Denis na ga numfashina yana fita fari kamar hayaƙin murhu, sai na tsaya da keke a hannu har jirgi biyu suka wuce ni. Mutanen wannan shafi sun saba in kawo musu labari duk Juma'a. Yau ma zan kawo. Na canza sunaye, kai dai ka san na gaskiya.

Jama'a, ku ɗan ba ni lokacinku.

Akwai wani saurayi ɗan Damagaram, sunansa Sadisu. Bai yi nisa a lakkol ba, a aji biyu na kolej ya tsaya. A Paris aikinsa kai wa mutane abinci gida-gida a kan keke, ana ruwa ko ana iska. Shekara uku yana wannan, har ƙafafunsa suka zama kamar icen gawo.

Yana da kawu a Lyon, ƙanin mahaifiyarsa, sunansa Soumaïla. Injiniya ne, yana zaune a Villeurbanne da matarsa Hassia. Ya haura arba'in, har ya fara ajiye tumbi, sai ya kamu da son wata gasa mai wuya da ake kira triathlon. Mutum zai yi iyo kusan kilomita huɗu a tafki, ya fito ya hau keke kilomita ɗari da tamanin, ya sauka ya yi gudu arba'in da biyu, duk a yini ɗaya. Lokacin zafi ake gasar, amma cikin sanyi ake shirinta.

Shi ya ja Sadisu ciki. Shi ya koya masa iyo a pisin, wato wurin iyo na unguwarsu, yana tsaye a baki yana cewa, "Ka daina dukan ruwan nan, bai yi maka komai ba." Suka rubuta sunansu a gasar tare. Duk mako biyu Sadisu kan shiga jirgin ƙasa ya je Lyon su yi atisaye.

Gidan kawu ba ya rabuwa da baƙi, ɗalibai da masu manyan takardu. In suka ɓarke da Faransancinsu na jami'a, Sadisu sai ya koma juya cokali a kofi. A kan keke kaɗai yake da baki. Duk hawan da suka zo, sai ya bar kawunsa a baya, ya jira shi a sama yana cin gyaɗa.

"Kawu, na ɗauka ka koma gida."

"Doucement, livreur," in ji Soumaïla, wato a hankali, ɗan aike, yana haki yana dariya. "Gasar nan ba kai shinkafa ba ce. Babu mai jiranka da yunwa."

Abu ɗaya ne kawu bai yi wasa da shi ba, shi ne sutura. Sadisu yana yin shiga irin tamu ta ƴan ƙasar zafi: singileti, rigar auduga biyu, suwaita mai kauri, sannan babbar riga a sama. A wurinsa yawan kaya shi ne maganin sanyi.

"Auduga tana shan zufa ta riƙe," kawu ya ce masa ba sau ɗaya ba. "A hawa za ka ji daɗi. A gangara ita za ta juya maka baya."

Sadisu bai ji ba. A Paris duk minti goma yana shiga gidan abinci mai ɗumi ya karɓi kaya, don haka sanyi bai taɓa samunsa shi kaɗai ba.

Sai azumi ya faɗo a ƙarshen sanyi.

Ranar Asabar, biyar ga wata, Sadisu yana Lyon. Da safe ya tsaya gaban takardar atisaye da ke manne a jikin firij. An rubuta kilomita ɗari da talatin, hanyar tsaunukan yamma da gari, amma kawu ya ja layi ya soke. A ƙasa ya rubuta: awa ɗaya, bakin kogi, dab da shan ruwa.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Tsarin azumi ne. Doguwar hanya sai bayan salla."

"Ni da na yi azumi a Damagaram cikin watan Mayu, ina ɗaukar bulo, kwalta na narkewa? Wannan ai ba azumi ba ne, hutu ne. Ko ƙishirwa ba a ji."

"Shi ne abin tsoron. Zafi yana gaya maka gaskiya, sanyi ba ya faɗa. Ruwa yana fita daga jikinka, kai ba ka sani ba."

"A wane littafi aka rubuta wannan?" Sadisu ya ce, yana ɗaura takalmi. "Ku masu karatu komai sai kun sa masa tsoro. In ba ka iyawa, Kawu, ka ce ba ka iyawa."

Hassia ta leƙo daga kicin. "Sadisu, kawunka ne fa."

Ƙarfe goma Sadisu ya sauka da kekensa, ba ruwa, ba guzuri, riga biyar a jiki.

Kilomita sittin na farko sun yi masa daɗi. Ya wuce nasaru uku a hawa ɗaya, har ya juya ya ɗaga musu hannu. Zufa tana bin bayansa, yana cewa a ransa ina sanyin da ake faɗi.

Wajen ƙarfe biyu da rabi ya kai saman wani tsauni bayan ƙauyen Yzeron. Nan sama ta rufe. Hazo ya sauko har bai ga fiye da taki ashirin ba, aka fara yayyafi mai haɗe da ƙanƙara.

Ya kama gangara.

Minti biyar bai cika ba, rigunan da suka jiƙe da zufa suka koma kamar kwanon rufi a jikinsa. Iska tana ratsa su har ƙashi. Yatsunsa suka ƙi kama birki. Ya so ya taka ya ɗumama jini, sai ya ji ƙafafun nan da yake taƙama da su babu komai a ciki, kamar an zare musu igiya.

Ya ciro waya. Sanyi ya cinye batirin, ta mutu.

Da ƙyar ya kai wata ƴar rumfar katako ta jiran bas, a hanyar da babu gida kusa. Ya zauna. Haƙoransa suna haɗuwa, jikinsa yana kaɗawa har bencin na motsi. Mota ɗaya ta wuce cikin hazo, bai iya ɗaga hannu ba.

Daga nan sai rawar jikin ta tsaya. Ya ji wani barci mai daɗi yana zuwa. Ya ga tsakar gidansu, mahaifiyarsa tana shanya gero, rana tana dukan bango. Har ya ji zafi, ya kai hannu zai buɗe rigarsa.

Sai ya ga wani abu ruwan ɗorawa yana tahowa cikin hazon, a hankali, a hankali.

Rigar kawu ce.

Ashe minti ashirin bayan fitarsa Soumaïla ya ɗauki nasa keken ya bi shi. Ya san hanyar, shi ya zana ta. Awa biyar yana tafe a bayansa, da azumi a bakinsa, da tafiyarsa ta mai tumbi.

Bai yi faɗa ba. Ya durƙusa ya cire wa Sadisu jiƙaƙƙun rigunan ɗaya bayan ɗaya, ya watsar a ƙasa. Ya tuɓe tasa ta ulu da ke ciki ya sa masa, ya ɗora masa mai ruwan ɗorawar, ya ja zif har wuya. Shi ya rage da ƴar riga shara-shara. Ya kira ƴan pompiye, masu kai ɗauki. Suka ce hanya ta yi santsi, sai ya ba su kamar minti arba'in, kuma kada ya bar yaron ya yi barci.

Daga aljihun baya ya ciro dabino a takarda, da ƙaramar gora ta shayi mai sukari.

"Ci."

"Ina azumi," in ji Sadisu, harshensa ya yi nauyi.

"Na sani. Ci. Allah bai ce ka kashe kanka ba, ka rama daga baya."

"Saura kaɗan magariba."

"Saura awa biyu da rabi. Ba za ka kai ba."

"A ce Sadisu ya karya azumi don keke?"

"Wa zai ce? Nan daga ni sai kai sai shanun nasara."

Sadisu ya datse baki ya kau da kai. Ko a bakin mutuwa, jama'a, girman kan bai sake shi ba.

Soumaïla ya dube shi. Leɓunansa shi ma sun fara canza launi. Ya yi bisimilla, ya sa dabino ɗaya a bakinsa, ya kurɓi shayin.

"Ka ga ni ma jikina rawa yake. To, na karya. Yanzu mu biyu ne. Bayan salla mu rama tare, babu wanda ya fi wani."

Nan Sadisu ya buɗe baki.

Kawu ya zauna ta bakin rumfar, inda iska ke shigowa, ya tare ta da bayansa, ya rungume shi. Don kada ya yi barci, sai ya dinga yi masa tambaya a kan unguwarsu ta Birni.

"Daga masallaci, gidan wa ke fari?"

"Na Malam Ilya."

"Sai na wa?"

"Na mai tsire."

"Wanda ka sace wa tsinke biyu. Kar ka rufe ido. Sai na wa?"

Sun zaga unguwar sau uku kafin su ji kukan motar. Minti hamsin ta ɗauka.

Wata mace cikin ƴan pompiyen ta dubi Soumaïla ta ce shi ma ya kwanta a duba shi. Ya ce, "Ça va, lafiyata lau, ku duba yaron." A asibiti aka ɗumama Sadisu, aka ƙara masa ruwa. Likitan ya ce da an ƙara rabin awa, da wata magana ake.

Kawu ya kira Hassia. "Mun makara, ki sha ruwa, kar ki jira mu. Hanya ta yi santsi, mun bar kekunan can." Kafin su fita ya karɓi rigarsa ya mayar, ya ce wa Sadisu, "Wannan ya tsaya tsakaninmu. In uwarka ta ji ba za ta ƙara barci ba, kuma ni za ta ci da faɗa."

Ran Lahadi kawu ya raka Sadisu tasha, yana ɗan tari. Ran Laraba zazzaɓi ya rufe shi, ya ce mura ce. Litinin ta gaba aka kwantar da shi, ciwon huhu. Likitoci suka ce ciwon ya yi yawa a gari wannan shekara, babu mai iya cewa ga inda ya ɗauka.

Sau ɗaya suka yi magana a waya. Muryar kawu tana fita guntu-guntu.

"Livreur, kana cin abinci?"

"Kawu, ni ne na..."

"Kai ne mi? Ji nan. Kwanan mutum ba a cikin riga yake ba. Da na zauna gida ranar nan, da yanzu ni ke kiran uwarka in gaya mata. Na gode wa Allah da na fito." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Kuma don Allah ka sayi rigar kirki. Kana tafe kamar buhun albasa."

Ranar sha tara ga azumi Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka ragu, Hassia ta kira Sadisu kicin. Ta miƙa masa rigar nan mai ruwan ɗorawa, a ninke.

"Ya ce in ba ka. Ya ce kai ba ka da ta kirki."

"Tanti..."

"Abin da ke aljihun na bar shi yadda yake."

Ya sa hannu. Ƴar takarda ce a dunƙule, a ciki ƙwallon dabino guda biyu.

Ta dube shi, ba ta tambaya ba. Takardar atisayen tana nan a jikin firij, da layin da kawu ya ja.

Sadisu bai yi gasar ba wannan shekara. Bayan salla ya rama azuminsa, washegari ya ƙara ɗaya. Bai sani ba ko na biyun ya isa inda ya aika shi. Bai tambayi malam ba, don tambayar sai da labarin.

Bana ya koma atisaye. In sun fita da ƴan kulob, shi ne na ƙarshe, ba don ƙafa ta gaza ba. A aljihunsa akwai busasshiyar riga da dabino. In wani ya tsaya a hanya, shi ma ya tsaya.

Darasi: Wuyar da ka sha a gida ba ta sa ka san wuyar wani wuri ba. In wanda ya riga ka zuwa ya ce ka dakata, ka dakata, ko da ka fi shi ƙarfi, domin girman kai ba kullum mai shi kaɗai yake kayarwa ba, wani lokaci wanda ya biyo ka don yana sonka shi zai tuɓe rigarsa. Ku tura wa duk ɗan uwan da ke motsa jiki cikin sanyin ƙasar nan, musamman da azumi ke tafe, kuma ku sa mamatanmu a addu'a.

Kawu, su sun ji labarin wani Sadisu. Tanti ba ta wannan shafi, Inna ma haka. Ran Asabar zan shiga jirgin Lyon da rigar a jikina. Har yanzu ban gaya wa kowa ba.